Ciwon Fuka da Harshen Majinyaci

Fuka, wato asma, cuta ce mai ƙuntata hanyoyin numfashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ta hallaka mutum 455,000 a shekarar 2019. A yankin Karare, ƙurar hunturu da hayaƙin murhu kan tayar da ita.

Idan ta tsananta, majinyaci ba ya iya ƙarasa jimla guda, ga fargaba, ga tambayoyin ma'aikatan asibiti. Wannan shirun alamar haɗari ce. Saboda haka, wajibi ne malami ya zaunar da ɗalibi, ya ba shi maganinsa na shaƙa, sannan ya garzaya da shi babban asibitin Batsari, ya yi bayani a madadinsa.

Aiki: Kawo kalmomi biyar da Katsinawa ke siffanta sarƙewar numfashi da su.