Auna Na'urorin Shirya Darussan Koyon Manhajar Kasuwanci da Hausa: Misali daga Kornaka

1.0 Gabatarwa

Kornaka ƙaramar hukuma ce a gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, kuma ƙidayar 2012 ta nuna tana da mutum fiye da 100,000, mafi yawansu manoma da makiyaya da 'yan kasuwa. A jihar Maraɗi ne ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, inda mata ke zubi kowane mako suna ba juna rance daga asusunsu. A yau lissafin da aka saba yi da ka ko a littafi ya fara komawa cikin waya: ana aika kuɗi ta Airtel Money ko Nita ko Amana, ma'aikatan ƙungiyoyin raya karkara kuma suna tattara bayanai da manhajoji irin su KoboToolbox. Kusan duk waɗannan manhajoji da Faransanci ko Ingilishi suke magana, alhali masu amfani da su Hausa suke ji.

Wannan giɓi ne ya sa masu shirya horo suke komawa ga na'urori masu aiki da kansu domin su fitar da darussa cikin hanzari. Tun da kundin da Nijar ta ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, buƙatar irin waɗannan darussa za ta ƙaru. Manufar wannan maƙala ita ce nuna yadda mai nazarin harshe zai auna irin waɗannan na'urori. Hujjarta guda ce: darasin koyon manhaja umarni ne da za a aikata, saboda haka ma'auninsa na ƙarshe shi ne ko mai koyo ya aikata abin da ake nufi ba tare da asarar kuɗi ba.

2.0 Na'urorin da Ake Magana a Kansu

Na'urorin sun kasu gida uku. Na farko su ne masu fassara, kamar Google Translate, wadda ta saka Hausa cikin harsunanta a watan Disamba na 2013, da NLLB ta kamfanin Meta, wadda aka fitar a 2022 da harsuna kimanin 200. Na biyu su ne masu ƙirƙirar rubutu, irin su ChatGPT, waɗanda ake ba bayanin manhaja su tsara shi mataki-mataki. Na uku su ne masu mayar da rubutu murya, waɗanda suka fi muhimmanci ga wanda ba ya karanta boko.

Dukansu daga tarin rubutu ko sautin da aka ciyar da su suke koyon harshe. Hausar da ta fi yawa a intanet ita ce daidaitacciyar Hausa mai tushe a karin Kano, musamman ta labarun gidajen rediyo da ta littattafan addini. Misali, muryoyin tsarin MMS da Meta ta fitar a 2023 an horar da su ne da karatun Sabon Alkawari a harsuna fiye da 1,100. Don haka na'urar ta san Hausar labarai da ta wa'azi fiye da Hausar kasuwar Kornaka, kuma ta fi sabawa da fassara daga Ingilishi a kan fassara daga Faransanci.

3.0 Iyakar Makin da Na'ura ke Bayarwa

Masu ƙera na'urorin fassara sukan tallata su da maki. Mafi shahara shi ne BLEU, wanda Papineni da abokan aikinsa na kamfanin IBM suka gabatar a 2002. Yana ƙirga jerin kalmomi, daga ɗaya zuwa huɗu, da suka yi daidai tsakanin fassarar na'ura da fassarar mutum. A 2015 Maja Popović ta kawo chrF, mai ƙirga jerin haruffa, wanda ya fi dacewa da harsuna masu yawan ɗafe-ɗafe. Jimlolin gwaji da aka fi amfani da su, irin na FLORES-200, an ɗebo su ne daga shafukan Wikimedia na Ingilishi aka fassara.

Illar wannan hanya ga darasin kasuwanci a fili take. A ɗauki jimlar da ke cewa: "Ki shigar da dala ɗari a cikin asusun ƙungiya kafin ki rufe lissafin yau." Idan na'ura ta rubuta "fitar" a gurbin "shigar", sauran kalmomi goma sha uku suna nan daram, makin ba zai faɗi sosai ba, amma ma'ajiyar da ta bi umarnin ta juya lissafin mako guda. Makin yana ɗaukar kowace kalma da nauyi ɗaya, alhali a darasin kuɗi wata kalmar ta fi wata tsada. Wannan ne ya sa tsarin MQM, wanda mutane ke amfani da shi wajen tantance fassara, ya raba kurakurai zuwa ƙarami da babba da mai haɗari. Abin da ya rage shi ne a gano waɗanne ne masu haɗari a Kornaka.

4.0 Ma'aunai Biyar

4.1 Ƙidayar Kuɗi

A Nijar, sefa ake rubutawa amma dala ake faɗa. Dala ɗaya tamma biyar ce, wato sefa 5, jika ɗaya kuma sefa 1,000 ce, daidai da dala 200. Saboda haka abin da allon waya ya nuna a matsayin 500, a baki "dala ɗari" ne ko "ɗari" kawai. Idan muryar na'ura ta karanta wannan adadi da "ɗari biyar", mai sauraro a kasuwa zai fahimci dala ɗari biyar, wato sefa 2,500, jika biyu da rabi ke nan. An ninka kuɗin sau biyar ba tare da an karya wata doka ta nahawu ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma, a Hausar labarai "dala" kuɗin Amurka ne, don haka na'urar da aka ba jawabin mai koyo ta fassara tana iya mayar da "dala ashirin" kuɗin ƙetare.

Akwai kuma alamomin rubutu. Faransanci yana sa waƙafi inda Ingilishi ke sa ɗigo: "2,5" biyu da rabi ne. Dole a gwada kowace na'ura da jerin adadi, a ga ko tana faɗin ma'aunin da take nufi. Darasi mai kyau zai haɗa biyun: "Ki rubuta 500, wato dala ɗari."

4.2 Kalmomin Fanni da Karin Harshe

Kalmomin lissafi na Faransanci da yawa masu harshen damo ne. "Crédit" yana nufin bashi, yana nufin kuɗin kira a waya, yana kuma nufin ɓangaren shiga a littafin lissafi. "Solde" shi ne abin da ya rage a ajiya, amma idan fassara ta ratsa ta Ingilishi ta zama "balance", tana iya fitowa a Hausa da "daidaito" ko "ma'auni". Ita kanta kalmar "asusu", wadda jaridu ke amfani da ita ga ajiyar banki, a wajen Mata Masu Dubara akwatin ƙungiya ne da zubin da ake yi a cikinsa. Umarnin "buɗe asusu" yana da ma'ana biyu a gaban irin waɗannan mata.

Sunayen kaya ma haka. A Hausar Maraɗi "gujiya" ita ce abin da Bakano ke kira gyaɗa, shi kuwa Bakano wani amfanin gona dabam yake kira gujiya. "Hatsi" a Nijar gero ne kai tsaye, a Kano kuma suna ne na tarayya da ya haɗa gero da dawa. Mai kula da rumbun ƙungiya da ya shigar da buhuna a ƙarƙashin sunan da ba nasu ba ya ɓata ƙididdigar kaka guda. Mai awo zai dogara da ƙamusoshin da aka yi a Nijar, kamar na Abdou Mijinguini da na shirin Soutéba na 2008, ya gwama su da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, sannan ya tambayi masu sana'ar kansu.

4.3 Jinsi da Sigar Umarni

Faransanci yana cewa "appuyez" ga kowa. Hausa kuwa tana tilasta zaɓi tsakanin "ka danna", "ki danna", "ku danna" da "a danna". Na'ura ba ta ganin mai koyo, saboda haka sai an duba wanda take zaɓa, da kuma ko tana riƙe shi daga farkon darasi zuwa ƙarshe. Darasin da aka shirya wa ƙungiyar mata amma yake cewa "ka" ya nuna musu ba da su ake ba. Wanda ya fara da "ki" ya koma "ku" a tsakiya yana iya sa a ɗauka aikin ya tashi daga hannun ma'ajiya ya koma na taron duka. Haka nan a lura da bambancin "shiga" da "shigar da", da na "fita" da "fitar da", domin ɗafin da ke ƙarshen aikatau ne yake nuna ko mutum ne zai bar manhajar ko kuɗi ne zai bar asusu.

4.4 Rubutu da Furuci

Baƙaƙe masu ƙugiya suna bambanta ma'ana: "bari" da "ɓari", "saka" da "saƙa", "kasa" da "ƙasa". Rubutun intanet da yawa ba ya sa su, na'ura kuma takan gaji wannan sakaci. Ƙa'idar rubutun Nijar, wadda ma'aikatar ilimi ta tabbatar a watan Oktoba na 1999, tana rubuta "ƴ" inda Nijeriya ke rubuta "'y", don haka a tabbatar da ƙa'idar da darasi ya bi ita ce wadda masu koyo suka sani daga makaranta ko ajin yaƙi da jahilci.

Matsalar murya ta fi wannan zurfi. Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, na'ura sai ta yi hasashe. "Riba" ta ciniki, mai dogon wasali a gaɓar farko, da "riba" da shari'a ta haramta, mai gajeren wasali, rubutunsu ɗaya ne. A darasin rance da za a saurara a cikin al'ummar Musulmi, kuskuren furuci a nan yana iya sa mutane su guje wa manhajar gaba ɗaya. Ba a auna wannan da ido. Sai an kunna sautin ga masu jin karin yankin, waɗanda ke cewa "tahi" da "hita" da "zamna", an tambaye su abin da suka ji.

4.5 Sunayen Maɓallai

Idan allon waya ya nuna "Valider", darasi kuma ya ce "danna Tabbatar", mai koyo zai nemi kalmar da babu ita a gabansa. A nan fassara mai kyau ita ce kuskure. Abin da ya dace shi ne a bar sunan maɓalli yadda yake, a bayyana wurinsa da launinsa, sannan a faɗi aikinsa da Hausa. A gwada ko na'ura tana iya bin wannan sharaɗi idan an gindaya mata shi.

5.0 Tsarin Gwaji

Ɗalibin da zai gudanar da wannan awo yana iya bin matakai huɗu. Da farko ya zaɓi ayyuka na gaske, kamar rubuta zubin mako, aika kuɗi, duba abin da ya rage da shigar da buhunan hatsi, ya tsara jimlolin gwaji da ke ɗauke da tarkunan da aka lissafa a sama. Na biyu, ya ba kowace na'ura jimloli iri ɗaya, ya rubuta ranar gwajin, domin kamfanoni suna sabunta na'urorinsu ba tare da sanarwa ba. Na uku, masu tantancewa biyu aƙalla, ɗaya masanin harshe ɗaya mai sana'ar, su yi wa kurakurai daraja kowa shi kaɗai, ba tare da sanin na'urar da ta fitar da rubutun ba, sannan a gwama hukuncinsu. Duk kuskuren da zai canza adadi ko alkiblar kuɗi mai haɗari ne, kuma guda ɗaya ya isa a dakatar da darasi.

Mataki na huɗu shi ne gwajin aiki. A ba masu koyo, bisa yardarsu, waya mai asusun gwaji wanda babu kuɗin gaske a ciki, su bi darasin, a ƙirga waɗanda suka kammala daidai, da inda suka tsaya, da sau nawa suka nemi taimako. A ƙarshe a lissafa lokacin da mutum ya ɓata wajen gyara abin da na'ura ta fitar. Idan gyaran ya kai tsawon rubutawa daga farko, saurin da ake yabon na'urar da shi bai amfana komai ba.

6.0 Kammalawa

Na'urorin nan suna da amfani wajen tsara matakai da fitar da daftarin farko, kuma ayyukan ƙungiyar Masakhane, wadda masu bincike na Afirka suka kafa a 2019, suna ƙara inganta su. Sai dai daɗin karatu da yawan maki ba su tabbatar da cewa ma'ajiya a Kornaka za ta rubuta 500 inda ake nufin dala ɗari ba. Sanin haka yana hannun wanda ya karanci karin harshe da ilimin ma'ana da tsarin sauti. Aikin da ke gaban ɗaliban wannan fanni shi ne tattara kalmomin ciniki na kasuwannin Maraɗi da Dakoro, da tsara jimlolin gwaji daga Faransanci zuwa Hausar Nijar, domin duk wanda zai zaɓi na'ura ya sami mudun da zai auna ta da shi.