Shawarwari Ga Masu Tarewa a Sababbin Unguwannin Bayan Gari

Kano ta daɗe da tsallake badala. Wuraren da a da ake noma gero da dawa, irin su Danbare, Rijiyar Zaki, Zawachiki, Mariri da Bachirawa, yanzu gidaje ne iya ganinka, kuma tsadar haya a cikin gari kullum ƙara turo mutane take yi. Abin da ya kamata mai shirin tarewa ya sani tun farko shi ne, a irin waɗannan unguwanni jama'a ce ke riga gwamnati zuwa. Titi, famfo, wuta da kwata duk sai daga baya, in ma sun zo. Kafin nan, kai da maƙwabtanka ne za ku tsaya wa kanku.

1. Kada ka sayi fili ko ka kama haya da rani ba tare da ka ga wurin da damina ba. Ka je a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Dubi gindin katangun maƙwabta, shatar da ruwa ya bari za ta gaya maka abin da dillali ya ɓoye. Ka tambayi dattawan wurin ko filin tsohon kududdufi ne da aka cike da shara, domin gini a kan irinsa zama yake yi yana tsagewa. In ka ji kuɗin ya yi sauƙi fiye da na kewaye, akwai dalili. Araha ba ta ado.

2. Yawancin filayen bayan gari awon igiya ne, wato gona ce aka yanka filoti-filoti ba tare da tsarin hukuma ba. Sau da yawa kuma gonar gado ce. Don haka tambayar farko ita ce: an raba gadon? Idan ba a raba ba, sai kowane magaji ya sa hannu, har mata da waɗanda ke zaune a wani gari. Rigingimun da ke kai mutane kotu bayan sun gama gini, da yawansu daga ƙanwa ko ɗan'uwan da ba a shawarta ba suke tasowa. Shaidar mai unguwa da dagaci tana da amfani, ka nema, amma ba ita ce takardar mallaka ba. Dokar filaye ta 1978 ta sanya ƙasa a hannun gwamnan jiha, shi ya sa sai ka bincika a hukumar bayanan filaye ta KANGIS ko wurin yana cikin wani tsari na gwamnati, sannan ka nemi izinin gini a hukumar tsara birane ta KNUPDA. Ka guji ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, da burtali, da abin da aka ware don makaranta ko maƙabarta. In ciniki ya faɗa, ka kafa alama ko ka zuba harsashi da wuri, don fili ɗaya akan sayar wa mutum biyu.

3. Ka bar hanya. Masu yanka gona suna tsuke lungu don su fitar da ƙarin filoti, mai gini kuma ya zo ya ƙara cin taku biyu da dakali ko soro. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai, domin ranar da gobara ta tashi, motar kashe wuta a bakin titi za ta tsaya. Haka motar kwasar masai, haka mai kawo yashi. Ku zauna da waɗanda kuka haɗa layi tun kafin kowa ya ɗora bulo, ku tsayar da faɗin hanya da inda kwata za ta bi.

4. Rijiya da masai su ne inda aka fi yin ganganci. Ma'aikatan lafiya suna son a bar aƙalla mita 15 tsakaninsu, in da hali ma 30. To filotin ƙafa hamsin da hamsin, kowane ɓangarensa mita 15 ne da 'yan kai. Ka ga ko ka nisanta naka, ramin maƙwabcinka yana iya kasancewa a bayan katangar da rijiyarka take. Ta haka amai da gudawa da taifot ke shiga gida. Mafita ita ce a yi magana: masai duk su koma gefe guda, ko gida biyar zuwa goma su yi karo-karo su haƙa burtsatse ɗaya a wuri mai tsabta. Uwargida, in ruwan 'yan garuwa kike saye, ki san inda suke ɗebowa, ki tafasa na sha, randa kuma ta zauna a rufe da moɗarta ita kaɗai.

5. Kafin ka yi murnar sauƙin haya, ka lissafa kuɗin Adaidaita Sahu na wata guda: naka zuwa Kwari ko Sabon Gari, da na yara zuwa makaranta. Tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birnin Kano, kuma mai Adaidaita yakan ƙara kuɗi in layinku ya caɓe. Wani lokaci abin da ka rage a haya, hanya ce ke cinye shi. Hatsi kuwa a saye shi da kaka, ko gida biyu su haɗa su ɗauko buhu a Dawanau.

6. Idan akwai mai juna biyu ko tsoho a gidan, a ajiye lambar maƙwabci mai mota da ta wani direban da zai amsa kira cikin dare. A kuma san asibitin da ya fi kusa wanda ke aiki har asuba, don Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano tafiya ce daga bayan gari.

7. Karo-karon taransifoma da turakun wuta ba makawa sai ya zo. Ka bayar, amma a rubuta: wa ya ba da nawa, wa ke riƙe da kuɗin, me aka saya. Rashin rubutu ne ke watsa kwamitocin unguwa.

8. Ka tuna akwai mutanen da ka tarar. Gonakin iyayensu ne suka zama gidajenku, kuma suna ganin wanda ya wuce su a mota ba sallama. Ka je ka gai da mai unguwa da liman a makon da ka tare, ka halarci jana'iza da suna, ka ɗauki 'ya'yansu aikin gini in sun iya. Su suka san inda ruwa ke bi da damina da kuma baƙuwar fuska in ta shigo. Kuɗin 'yan sintiri a biya a kan lokaci. Kangon da ke kusa da kai kuma, ka nemi mai shi ya sa ƙofa ko ya ajiye mai gadi, ya kuma sare ciyawar kafin ta rufe tagogi.