Idan Malami Ya Ce Ku Haɗa Fim a Rukuni

A sassan koyar da aikin jarida da wasan kwaikwayo na manyan makarantunmu, daga Jami'ar Bayero ta Kano zuwa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, balle Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos wadda aikinta ke nan, akwai ranar da malami zai raba aji rukuni-rukuni, ya ce kowane rukuni ya kawo gajeren fim kafin ƙarshen zango. Daga nan sai a yi zaman farko a gindin bishiya, kuma kusan kullum tambaya biyu ce ke cinye zaman: wace kyamara za mu samo, kuma wa zai fito jarumi? Ƙannena, waɗannan su ne tambayoyin da ya kamata ku yi a ƙarshe. Abin da ke kashe fim ɗin ɗalibai ba ƙaramar kyamara ba ce. Rashin sanin wa ke riƙe da wane aiki ne, da fita ɗauka ba tare da shiri ba.

Kada ku raina aikin rukuni, don daga nan sana'ar ta taso a ƙasar Hausa. Turmin Danya, fim ɗin da ake ƙirga farkon finafinan bidiyo na Hausa da shi, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce ta yi shi a Kano a 1990. Mutane ne da suka saba aiki tare tun kafin kyamara ta shigo hannunsu. Abin da malaminku yake son ku koya ke nan, ko bai faɗa ba.

Ku fara da labari, kuma ku ƙanƙanta shi. Ƙa'idar da masu rubutun fim ke aiki da ita ita ce shafi ɗaya yana ba da kimanin minti ɗaya a allo. Idan an ce ku kawo fim na minti 5, shafi 5 ke gabanku, ba 20 ba. A shafi 5 ba za ku iya ba da labarin soyayyar da ta faro daga firamare ta ƙare a kotu ba. Mutum biyu ko uku, wuri ɗaya ko biyu, matsala ɗaya da za ta warware ko ta ƙi warwarewa a yini guda. Misali, ɗalibi ya tara kuɗin rajista, ranar da zai biya sai abokin ɗakinsa ya roƙe shi rance don mahaifiyarsa tana asibiti. Wannan ya isa fim, kuma a ɗakin kwanan ɗalibai za a ɗauke shi ba tare da an yi hayar komai ba. Shawarata ma, ku zagaya ku ga wuraren da za a ba ku kyauta tukuna, sannan ku rubuta labarin da zai zauna a cikinsu.

Da kun rubuta, ku karanta a bayyane, kowa ya riƙe bakin mutum ɗaya. Nan take za ku ji inda maganar ta zama ta takarda, ba irin wadda mutane ke yi ba. Ku lura da gaisuwa. Mu mutane ne masu doguwar gaisuwa, kuma abin alfahari ne, amma idan kowace fitowa ta fara da sallama da ina kwana da ya gajiya da ya mutanen gida, minti ɗaya cikin biyar ɗinku ya tafi. Ku shiga fitowar bayan an gama gaisawa, sai fa idan a cikin gaisuwar rikicin yake, kamar wanda aka gaishe shi ya amsa ciki-ciki. Haka kuma kada jarumi ya buɗe baki ya ce ransa ya ɓaci. A bar mai kallo ya ga ya ture kwanon abinci.

Yanzu ga babbar maganar, rabon aiki. Ku ɗauko takarda ku rubuta sunan kowa da aikinsa a gabansa. Furodusa shi ke riƙe da kuɗi da lokaci da neman izini da abincin jama'a. Darakta shi ke da labari da 'yan wasa. Sai mai ɗaukar hoto, da mai sauti, da mai lura da kada kaya su saɓa tsakanin ɗauka da ɗauka, da edita. Idan kun fi shida, a ƙara mai haske da mai kayan sawa da mataimakin darakta wanda zai riƙa duba agogo. Duk gardamar da za a yi kan labari a yi ta a zaman shiri, a yi ta sosai, kowa ya faɗi ransa. Amma da an isa lokeshan, bakin darakta kaɗai 'yan wasa za su ji. Mai shawara ya raɗa masa a kunne. Ɗan wasan da mutum huɗu ke ba umarni lokaci guda ba zai yi wa kowa daidai ba, kuma rana tana tafiya.

Kuɗi a tara su tun kafin a fara, a rubuta abin da kowa ya bayar da abin da aka kashe a littafi ɗaya da kowa zai iya gani. Wanda ya fi ba da kuɗi, ko wanda kyamarar ta yayansa ce, bai zama darakta don haka ba. A faɗi wannan tun ranar farko, da fara'a, kafin ya zama rigima.

Akwai wani abu da ke ci mini rai a rukunonin ɗalibai. Sau da yawa sai ka ga ɗalibai mata an tura su fitowa a gaban kyamara, ko kwalliya, ko dafa abincin lokeshan, maza sun rungume kyamara da kwamfuta. Kuɗin makaranta ɗaya kuka biya, kwas ɗaya kuke yi. 'Yar'uwa, idan ɗaukar hoto kike so ki koya, ki faɗa a zaman farko, kada ki jira a ba ki. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta yi suna da rubutu da shirya fim, ba da fitowa a allo ba.

Hanyar da za ta sa kowa ya taɓa kowane aiki ita ce gwaji. Kafin babban fim, ku yi ƙananan gwaje-gwaje na minti ɗaya, mutum ya shigo ɗaki ya nemi mukulli ya fita, kuna musayar aiki a kowane gwaji. A nan za ku gane wa hannunsa ba ya rawa, wa ke da kunne, wa ke da haƙurin zama gaban kwamfuta. A nan kuma za ku gane wanda ba ya zuwa. Kowane rukuni yana da shi. A yi masa magana a gaban kowa da mutunci, a ba shi aiki takamaimai da ranar kawowa. In bai canza ba, furodusa ya sanar da malami tun da sauran lokaci, ba ranar miƙa aiki ba. Kuma kada ku kuskura ku ba irin wannan mutum babban matsayi a wasan, don in ya ɓace bayan kun ɗauki rabin fim, sai dai ku sake daga farko.

Kafin ranar ɗauka, darakta da mai ɗaukar hoto da mai sauti su je wurin a daidai lokacin da za a yi aikin. Su ga ta ina rana ke shigowa, sannan su yi shiru su saurara. Akwai injin markaɗe a maƙwabta? Makarantar allo fa? Titin da adaidaita sahu ke bi yana kusa? Furodusa ya karɓo takarda daga sashenku, ya gaida maigidan, in a unguwa ne ya je wurin mai unguwa. Kada ku ɗora kyamara kan mutane a kasuwa ko a ƙofar gida ba da yardarsu ba. A tsara aiki da lokutan salla a ciki, a tsaya in an kira, a ci abinci a lokacin. Darakta kuma ya zo da jerin duk hotunan da yake so a rubuce, a ɗauke duk abin da ke wuri ɗaya a gama kafin a tashi, ko da ba haka suke bi da bi a labarin ba.

Zan daɗe a kan sauti, don a nan finafinan ɗalibai suka fi faɗuwa. Mai kallo zai yafe muku hoton da ya ɗan yi duhu, amma in bai ji abin da ake faɗa ba zai tashi. Makirfon da ke jikin kyamara ko waya yana nesa da bakin mai magana, don haka iska da ƙarar ɗaki yake kwasowa. Maganin shi ne kusanci. In ba ku da makirfo na musamman, ku sa wata wayar daban tana naɗar murya, a aljihun gaban rigar ɗan wasa ko a ɓoye bayan wani abu a kan tebur. A farkon kowace ɗauka, wani ya faɗi lambar fitowa, ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara. Da wannan tafin edita zai haɗa hoto da murya. Mai sauti ya sa abin ji a kunne koyaushe, kuma a ba shi ikon cewa a sake, daidai da mai ɗaukar hoto. A kashe fanka da firji, ko da za a yi gumi. In da janareto ake aiki, a kai shi bayan katanga da doguwar waya. Ku lura da shadda mai sitaci, ƙararta na shiga makirfo duk sanda mai ita ya motsa; yadi mai laushi ya fi. Kafin ku bar kowane wuri, kowa ya yi tsit a naɗi shirun ɗakin na daƙiƙa 30. Edita zai cike giɓin da ke tsakanin maganganu da shi, in babu shi za a riƙa jin sautin yana yankewa.

Waya ta isa ɗaukar fim ɗin aji. Matasan nan na Kaduna da ake kira The Critics da wayar hannu da koren ƙyalle suka yi finafinan da suka ja hankalin duniya a 2019. Ku dai kwantar da wayar, ku goge gilashin kyamararta, ku rufe layin kira, ku kulle haske da saitin gani a kan fuskar ɗan wasa don kada su riƙa canzawa da kansu. In wayar ta ba da zaɓi, ku sa hoto 25 a daƙiƙa, saboda wutar lantarkinmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma saɓanin haka na iya sa hasken ƙwan fitila ya riƙa ƙyaftawa a hoto. Kada ku jawo hoto da yatsa, ku matsa da ƙafa. In babu ƙafar kyamara, a jera littattafai a kan kujera a jingina wayar. Ranar tsaka tana zuba inuwa a idon mutum, don haka hantsi da bayan la'asar sun fi, ko a shiga inuwa. A cikin ɗaki, a zaunar da ɗan wasa taga na gefensa, ba a bayansa ba, a riƙe farin kwali a ɗaya gefen ya mayar da haske. Farar riga fat takan sa kyamara ta rage haske har fuska ta dushe. Ku zaɓi mai launi.

In mutum biyu na magana, ku ɗauka akwai layi a miƙe tsakaninsu, kyamara ta tsaya a gefe ɗaya na layin har a gama. In kuka tsallaka, a allo za su zama kamar suna kallon wuri ɗaya maimakon juna. Kowace fitowa a ɗauke ta daga nesa, sannan kusa da kowannensu, sannan hannu ko kofi ko mukulli, don edita ya sami abin yanka. Mai lura da kaya ya riƙa ɗaukar hoto da wayarsa: ina hula ta karkata, ta wace kafaɗa mayafi ya bi, shayin ya kai ina a kofi.

Daren da aka yi ɗauka, a kwafe komai a wuri biyu, a hannun mutum biyu, kafin kowa ya kwanta. Tacewa kuwa ku ware mata lokaci mai yawa, don takan ci fiye da ɗaukar kanta. DaVinci Resolve yana da na kyauta ga mai kwamfuta mai ƙarfi, CapCut kuma yana aiki a waya. Edita da darakta kaɗai za su zauna. Sauran su jira a kira su kallo. In an haɗa zubin farko, ku nuna wa wanda bai san labarin ba, kada ku yi masa bayani, ku tambaye shi me ya fahimta. Inda ya ruɗe, a gyara. Inda ya duba wayarsa, a yanke, ko da a nan abokinku ya fi yin ƙoƙari. Kada ku ɗauko kiɗan wani fim ko waƙar wani mawaƙi ku ɗora. Haƙƙin mai shi ne, kuma YouTube na iya toshe muku fim ɗin. Ku nemi ɗalibi mai gurmi ko sarewa ya kaɗa muku, ku sa sunansa a ƙarshe tare da na duk wanda ya ba ku ɗaki ko ya riƙe muku kwali. In kuma za ku fitar da fim ɗin waje da aji, ku tuna jihar Kano tana da Hukumar Tace Finafinai tun 2001. Ku tambayi malaminku ƙa'idar da ta shafe ku kafin ku saki.

Malamai kuma ina da roƙo gare ku. Ku raba maki gida biyu, na rukuni da na aikin da kowa ya riƙe, ku kuma tambayi kowane ɗalibi ya yi bayanin nasa ɓangaren da bakinsa. Ku ware rana a haska duk finafinan a aji, a tattauna su ɗaya bayan ɗaya. Ku kuma ɗalibai, a zamanku na gaba ku je da takarda da biro, kada a tashi sai an rubuta sunan kowa da aikinsa, an kuma sa ranar gwajin minti ɗaya na farko a cikin wannan mako.