Bashi da Shirin Haihuwa: Yadda Iyali Za Su Kare Sunansu Wajen Masu Ba da Rance

Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa. Gidan da ake jiran haihuwa kuwa ya fi kowane gida kusa da shi, domin kuɗin awo da magani da gwajin jini da hoton ciki da kayan jariri da hidimar suna duk suna haɗuwa ne cikin 'yan watanni. Darasinmu na wannan fitowa a kan sunan da mutum yake da shi ne wajen masu ba da bashi: yadda ake gina shi, yadda ake tsare shi, da yadda ake gyara shi idan ya ɓaci.

Wani zai ce me ya haɗa asibiti da maganar bashi? Jinkiri ne ya haɗa su. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace mai ƙoshin lafiya cikin awa 2 idan ba a taimaka mata ba. Jijjiga da doguwar naƙuda su ma ba sa jiran gari ya waye. A irin wannan dare ana bukatar mota da jini da magani, wani lokaci da tiyata. Maigidan da aka sani da biyan bashi waya ɗaya zai buga a kawo masa abin da ya nema. Wanda ya ɓata da kowa zai bi gida-gida yana bugun ƙofa, alhali uwargida tana kwance tana jira.

Tanadi kafin rance

Tun ranar da aka tabbatar da ciki a buɗe asusun haihuwa. A misali, idan maigida yana ware Naira 500 kullum daga wata na 3 zuwa na 9, kimanin kwana 180 ke nan, zai tara Naira 90,000. Idan uwargida tana adashe, ta yi magana da uwar adashe tun da wuri a sa kwasarta ta faɗo a wata na 7 ko na 8, kada ta wuce haka, domin ba kowane jariri ne yake cika wata 9 ba. A kuma tanadi mutum biyu cikin dangi waɗanda za su ba da jini idan an bukata. Wannan ma tanadin kuɗi ne.

A binciki inshorar lafiya. Dokar da ta kafa hukumar NHIA a 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Najeriya, kuma jihohi suna da nasu hukumomin taimakekeniyar lafiya da mai ƙaramar sana'a zai iya shiga. A watan Nuwamba na 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da shirin tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Ku tambaya a wajen awo ko kuna cikin waɗanda ya shafa, tun kafin ranar bukata.

Wane bashi za a ci?

Bashin da aka ci don ceton uwa ko jariri ba abin kunya ba ne, kada a tsaya shawara a kansa. Bashin da yake karya gidaje shi ne na hidima: ragon da ya fi ƙarfin aljihu, atamfar fitar suna, anko, rumfa da kujeru da abincin jama'a. Malamai sun yi bayani cewa yankan suna a kan mai iko yake. Abin takaici ne a ga mai jego an sallame ta da takardar maganin ƙarin jini, ba a saya ba, amma ranar suna ana rabon kaji. Sai bayan sati 3 a dawo da ita tana jiri tana haki, a lokacin kuma babu sauran wanda za a ranta a wajensa.

Idan rance ya zama dole, a fara da wanda ba shi da ruwa: dangi, ƙungiyar ma'aikata ko ta 'yan kasuwa, ko uban gida a wajen sana'a. A rubuta adadi da ranar biya, a sa shaidu, ko da tsakanin wa da ƙane ne. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana. Rubutun yana kare zumunci, domin yawancin rigimar bashi tsakanin 'yan'uwa daga mantuwa take farawa.

Mai ba da bashi da ruwa kuwa, ku yi lissafi da biro kafin ku miƙa hannu. Idan aka ce ruwan kashi 20 cikin 100 ne a wata, Naira 50,000 za ta haifi Naira 10,000 kowane wata. Cikin wata 6 an biya Naira 60,000, uwar kuɗin tana nan ba a taɓa ta ba.

Suna a unguwa, suna a banki

A da, sunan mutum yana bakin mai shago da mai kemis da mai unguwa ne kawai. Yanzu akwai wani sunan da yake cikin kwamfuta. Tun 2014 aka fito da lambar BVN, wadda ta ɗaure duk asusun bankin mutum wuri guda. Akwai kuma kamfanoni 3 da Babban Bankin Najeriya ya ba lasisin ajiye tarihin bashin mutane: CRC Credit Bureau, FirstCentral da CreditRegistry. Bankuna suna kai musu bayanin wanda ya ci bashi, nawa ya ci, ya biya a kan lokaci ko ya saɓa. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, su ma suna cikin wannan tsari. Daga watan Agusta na 2020 kuma, a ƙarƙashin tsarin GSI da mai rance yake sa wa hannu, banki na iya cire kuɗinsa daga asusun mutum da ke wani bankin idan ya ƙi biya. Saboda haka canja banki ko layin waya ba ya ɓatar da bashi.

A nan muna jan hankalin iyaye mata musamman. Kada ki ba kowa lambar BVN ɗinki, ko katinki, ko lambobin sirrin da banki yake turo miki a waya, don ya ci bashi da su, ko da ɗan'uwa ne na jini. Duk rancen da aka karɓa da sunanki, ke ake bi. Haka tsaya wa wani: wanda ya tsaya, shi zai biya idan mai bashin ya gaza. Idan maigida ne yake son a ranto da sunanki, ku zauna ku karanta sharuɗɗan tare, ki san adadin da ranar biya.

Manhajojin ba da rance na waya suna ba da kuɗi cikin mintuna, shi ya sa suke jan mai gaggawa. Wasu daga cikinsu sun yi ƙaurin suna wajen aika wa dangi da abokan mai bashi saƙon cin mutunci. A 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta wajabta musu rajista, a 2023 kuma kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobin waya da hotunan mutane. Duk manhajar da ta nemi izinin ganin lambobin wayarku, ku rabu da ita. Kada kuma a ci bashin wata manhaja don a biya wata.

Idan sunan ya riga ya ɓaci

Gyara yana yiwuwa, sai dai yana cin lokaci. Maigida da uwargida su zauna su rubuta duk abin da ake bin gidan, har da na mai kemis da na mai kayan miya, ba tare da ɓoye wa juna komai ba. Mace mai ciki da take ɓoye bashi ita kaɗai takan rasa barci da cin abinci, wata ma ta daina zuwa awo don kada ta nemi kuɗin mota, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar a ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa.

Sannan a je wajen mai bin bashi kafin ya zo. A faɗa masa abin da za a iya bayarwa duk sati ko duk wata, komai ƙanƙantarsa, a kuma cika. Naira 2,000 da take zuwa a ranar da aka yi alkawari ta fi gyara suna a kan Naira 20,000 da aka yi ta ɗage ranarta. A fara kashe bashin da ruwansa ya fi yawa, sauran a riƙa taɓa su kaɗan-kaɗan. Kashe waya da canja hanya su ne suke mayar da ƙaramin bashi gaba.

Idan na banki ne, a nemi a sake tsara biyan, a karɓi rasit a kan kowane biya, in an gama a karɓi takardar shaidar an gama. Dokar 2017 kan bayanan bashi ta ba kowa damar karɓar rahoton tarihin bashinsa kyauta sau ɗaya a shekara daga waɗancan kamfanoni, da damar neman gyara idan an rubuta masa bashin da bai ci ba ko wanda ya riga ya biya.

Game da kuɗin asibiti, iyalin da suka ga abin zai fi ƙarfinsu su sanar da ma'aikaciyar jinya da ke kula da ɗakin, ta haɗa su da sashen walwalar marasa lafiya, tun kafin ranar sallama. A biya kuɗi a wurin biya kawai, a adana rasit. Idan kuma aka ga zubar jini, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, zazzaɓi mai zafi, fashewar faya kafin lokaci, ko jariri ya daina motsi, a kawo mai ciki nan take da abin da yake hannu, wani daga cikin dangi ya tsaya neman cikon kuɗin a baya.