In za ka Elk Horn da hunturu, kada ka bi yanke

Wani ƙanena da ke karatu a Omaha ya tambaye ni ko zuwa Elk Horn a watan Disamba zai biya wahala. Na ce ya je, amma ya fara sauraron abin da ya same ni.

Elk Horn ɗan ƙauye ne a yammacin jihar Iowa ta Amurka, mutum kimanin 600, da yawansu jikokin manoman Danmak da suka yi ƙaura a ƙarni na 19. Daga babban titin I-80 za ka sauka a mafita ta 54, ka miƙe arewa kan titin 173, kamar kilomita goma. Kwalta ce, kuma ana share ta. Da ita na shiga lafiya lau.

A dawowa ne na ga dama in ratsa gonaki. Taswirar wayata ta nuna mini yanke, na bi. Kwalta ta ƙare, tsakuwa ta karɓa. Can na wuce wani allo mai ɗauke da "Level B", ban ko rage gudu ba. Ashe ma'anarsa hanyar ƙasa ce wadda ƙaramar hukuma ba ta share wa dusar ƙanƙara, wanda ya shiga ya ɗauki alhakin kansa. An riga an girbe masara da waken suya, fili fetal, babu abin da ke tare iska, sai ta kwaso dusar ta cike kwari har ya yi daidai da hanya. A nan motar hayata ta nutse. Rana kuwa kafin ƙarfe biyar ta faɗi. Na fi awa ɗaya ina kunna inji ina kashewa don tattalin mai, kafin wani manomi ya hango fitilata ya zo da tarakta. Ya ja ni, ya ƙi karɓar ko sisi, amma kallon da ya yi mini ya ishe ni wa'azi. Waya dai nisa take aunawa, ba ta san hunturu ba. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Kafin ka fita duba shafin Iowa 511 don halin hanya, ka cika tanki, ka saka bargo da shebur a but. Da magariba bareyi na tsallaka titi.

Garin kansa bai ba ni kunya ba. Injin niƙa mai aiki da iska da ke cikinsa an gina shi a 1848 a Nørre Snede ta Danmak, aka wargaza shi aka yo jigilarsa ta teku, mutanen gari suka sake harhaɗa shi da aikin gayya a 1976. Gidan tarihin 'yan Danmak na Amurka ma yana nan. Ka ba shi awa biyu, akwai ɗumi a ciki. Kimballton, kilomita biyar gaba, na da kwafin mutum-mutumin 'yar ruwan Copenhagen. Minti biyar ya isa, sanyi ba zai bar ka ka ƙara ba.

Abinci sai da tambaya. Iowa ce kan gaba a kiwon alade a Amurka, kuma curin naman da suke kira frikadeller galibi da shi ake yi. Ni æbleskiver na ci, wani abu mai kama da masa, a tanda mai ramuka ake toya shi, a barbaɗa sukari. Shi ma sai da na tambayi man da aka toya shi da shi.