DARASI: INDA AKE DAGEWA DA INDA AKE JUYOWA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya kai ɗan'uwana matashi, ka sani akwai manufa, akwai hanya. Manufar Musulmi ita ce yardar Allah, ba a sake ta ko da wuya ta kai wuya. Ita kuwa hanya ana sake ta idan ta daina kaiwa ga manufa. Da yawa daga cikinmu sun juya al'amarin: su kafe a kan hanya, su saki manufa.

Dubi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu. A shekarar 1805 shi ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kebbi. Shekarar ba ta ƙare ba sai jama'a ta sha mummunan kaye a Alwasa, abokan gaba suka bi su har Gwandu. Malam bai gudu ba, aka dage har Allah Ya kawo ɗauki. Wannan wurin dagewa ne, don wahala ce kawai, manufa ba ta gurɓace ba.

To, amma wajen 1807 sai ya ga neman mulki da dukiya ya fara shiga zukatan mutane. Ya bar rundunar, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Ka lura, takobi bai kore shi ba, lalacewar niyya ce ta kore shi. Da ya isa Kano sai mutanenta suka roƙe shi ya tsaya ya karantar da su. Ya tsaya, ya yi masu tafsiri, ya rubuta masu littafin Liya'ul Hukkami a kan hukunci da shugabanci. Daga nan ya fasa tafiyar, ya komo. Bai ce "ai na riga na fito, in na koma za a yi mini dariya" ba.

Haka kuma da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, aka sami 'yar tsama tsakaninsa da baffansa. Bayan 'yan shekaru suka haɗu a yaƙin Kalambaina, Malam Abdullahi ya sallama wa ɗan wansa. Haɗin kan jama'a ya fi masa girman kansa.

Har gabar da ke tsakanin Kabawan Argungu da Sakkwato, wadda aka daɗe ana zubar da jini a kanta, an ajiye ta. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka har Argungu, aka karɓe shi da girmamawa.

Saboda haka, in ka tsaya tsakanin ci gaba da juyowa, ko a karatu ne, ko sana'a, ko neman aure, ko wata jayayya da ɗan'uwa, tambayi kanka abu uku.

Na farko: abin nan halal ne? In haram ne, bar shi yau, ko ka shekara goma a cikinsa.

Na biyu: me ya sa nake son bari? In gajiya ce da ƙarancin samu, to yi haƙuri. Manomin fadama ba ya barin noma don ambaliya ta ci shinkafarsa shekara guda.

Na uku: me ya sa nake son ci gaba? In dai don kada a ce ka kasa ne, wannan girman kai ne, kada ka kira shi haƙuri.

Sa'an nan ka nemi shawarar masu ilimi da manyanka, ka yi sallar istihara, ka yanke, ka dogara ga Allah.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, amin. Wassalamu alaikum.