Farfaɗiyar Yara: Yaushe Ake Zuwa Wurin Likitan Tiyata?

Wata baiwar Allah daga Kiru ta aiko da tambaya. Ɗanta mai shekara bakwai yana faɗuwa yana shure-shure, an yi turare, an sha rubutu, yanzu kuma wani ya ce sai an buɗe masa kai.

Uwa, kwantar da hankalinki. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce, kuma ba a ɗaukarta ta yawu. A yankinmu takan biyo bayan doguwar naƙuda, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko buguwa a ka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 7 cikin 10 masu farfaɗiya za su daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace. Yawancin yara ƙwaya kawai suke buƙata, a sha kullum ba fashi.

Ki fara da babban asibitin da ke kusa da ke, su ba ki takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Can likitan yara zai auna wutar ƙwaƙwalwarsa da na'urar EEG. Shi kuwa likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, wanda ya yi shekara shida a jami'a ya ƙara kusan wasu shida yana koyon wannan aiki, sai hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ƙari ko tabo, ko an gwada magani iri biyu yadda ya kamata abin ya ƙi, sannan ake kiransa.

Inda na fi jin takaici shi ne jariran da ruwa ke taruwa a kansu. Kai yana ta girma, maɗiga ta kumbura, idanu suna kallon ƙasa, ana cewa ai gadon kakansa ne. Wannan aikin likitan tiyata ne tun da wuri: yakan sa siririn bututu ya janye ruwan daga kai zuwa ciki. Duk watan da aka ɓata a gida, ƙwaƙwalwa ce ke lalacewa.

Uwa, in ɗanki ya faɗi, ki kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai. In shure-shuren ya wuce minti biyar, sai asibiti. Ku kuma mutanen Bebeji da Tudun Wada, ku hana irin wannan yaro wanka a dam ɗin Tiga ko zama kusa da murhu shi kaɗai.

Ki ɗauki bidiyon faɗuwar da waya, ki tafi wa likita da shi.